Salak ɗin kaza mai sanyi a lokacin bazara

Assalamu alaikum. Na baya can, kuna jina? To madalla. Don Allah a juya fankar nan wajen iyayenmu da ke gaba.

Yau a kan salak ɗin kaza za mu yi magana, mai sanyi, mai mayonis, wanda ake cusa wa biredi ko a zuba a gefen shinkafa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, mutum ya kan kalli tuwo ya kau da kai, to irin wannan abincin ne ke shiga. Abu huɗu zan faɗa: kaza, kayan lambu, haɗin mayonis, sai ajiya.

Na farko, kaza. A nan ne aiki yake, a nan ne kuma ake ɓata shi. Ku samo tsokar ƙirji ta kazar gidan gona, rabin kilo, wato kamar ƙirji biyu. Ku sa a tukunya da ruwan sanyi. Na ce ruwan sanyi, ba tafasasshe ba. Ruwan ya haura naman da kamar yatsa biyu. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya, rabin albasa, ɗanyar citta kaɗan, tafarnuwa ƙwaya biyu. Ku ɗora a matsakaiciyar wuta. Da zarar kun ga ƙananan kumfa sun fara tasowa daga gefen tukunya, ku rage wutar sosai. Kada ta ɓararraka. Minti 12 zuwa 15 a haka, sai ku kashe, ku rufe, ku ba ta minti 10.

Me ya sa? Tsokar ƙirji ba ta da kitse sosai. In zafi ya yi mata yawa sai zaren naman ya takure, ya matse ruwan jikinsa kamar yadda ake matse wanki. Shi ya sa za ki ga kaza ta fito daga cikin ruwa tsamo-tsamo, amma a baki kamar ana tauna audugar katifa. [Dariya.] Sai a ce mayonis ne ya yi kaɗan, a ƙara, a ƙara, kwalba ta ƙare, naman yana nan a bushe. Mayonis a bayan nama yake zama, ba ya shiga ciki.

Mun saba da dafa kazar Hausa, wadda sai ta shekara a wuta, shi ne muke yi wa ta gidan gona irin wannan horon. In kazar Hausa ce a hannunki, ko irin waɗanda suka gama ƙwai, ki ba ta awa ɗaya ko fiye, ki yi amfani da cinya, ki yanka ƙanana sosai. Amma ta gidan gona, a hankali. Kada ta ɓararraka, na sake faɗa.

Ta yaya za ki san ta nuna? Mai ma'aunin zafi na girki ta soka a inda ya fi kauri, ta ga digiri 74. Marar shi ta tsaga tsakiya: fari fat, ruwan da ke fitowa garau, ba ja-ja. Ki tsame, ki yayyaga da cokali mai yatsu tun da ɗuminta, ki yayyafa romon cokali 3 da ɗan lemun tsami. Nama mai ɗumi yana shan ɗanɗano, mai sanyi ba ya sha. Sai ki baza a faranti mai faɗi ya huce da wuri. Ragowar romon kuma kar a zubar, na shinkafar gobe ne.

Na biyu... a'a, bari in ƙarasa. Kada a zuba mayonis a kan kaza mai zafi. Mayonis mai ne da ƙwai da tsami aka kaɗa suka kama juna, zafi na raba su, sai ki ga mai ya kwanta a gindin kwano.

Kayan lambu da sauri. Kokwamba ɗaya, ki kwashe 'ya'yan da cokali, ki yanka, ki barbaɗa gishiri, ki bar ta a kwando minti 15 ta tsane. In ba haka ba, bayan awa ɗaya salak ya zama miya. Karas ɗaya, rabin koren tattasai, ƙaramar albasa da aka jiƙa a ruwa don yajinta ya fita. Tumatir a gefe, ba a ciki ba.

Na uku ne ko na huɗu? To, haɗi. Mayonis babban cokali 4, yogot cokali 3, ruwan rabin lemun tsami, masoro, gishiri. Yogot marar sukari fa! Kar a sayo na yara mai ɗanɗanon ayaba a ce Malama ce ta koyar. [Dariya.] Mai son kori ta sa ƙaramin cokali ɗaya. A Ingila ma akwai irinsa mai kori, wanda aka yi don bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, har yau suna ci. Ki juya, ki rufe, awa ɗaya a firji. Soyayyar gyaɗa sai za a ci ake watsawa, in ta kwana ciki laushi take yi.

Na'am Hajiya, ga hannunki a sama.

[Tambaya: Malama, mu da wuta ke yini ba ta zo ba fa?]

Hajiya kin taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. Ƙa'ida ita ce awa 2 a waje, amma in zafi ya wuce digiri 32, awa ɗaya tak, kuma ɗakunanmu a Afrilu sun wuce haka. Ana yawan ɗora laifin ɓacin ciki a kan mayonis, alhali na kwalba yana da tsami, cuta ba ta jin daɗinsa. Kazar ce, da hannu, da katakon da aka yanka ɗanyen nama aka koma aka yanka kokwamba a kai. Mayonis ɗin da ake kaɗawa a gida da ɗanyen ƙwai, shi kam ku bar shi a wannan yanayin. Kuma hanci ba ya ganewa, abin na iya lalacewa ba tsami ba wari.

Firji mai wuta tsayayye yana riƙe shi kwana 3. In babu, ki yi daidai cin lokaci ɗaya. Ki sayi ƙanƙara, ki zuba a kula, ki sa robar salak ɗin mai murfi a tsakiya, ƙanƙara ƙasa da sama. Kazar da ta fito daga wuta kuma, ki ɗora farantinta a kan kwanon ƙanƙara, cikin minti 20 ta yi sanyi. In biki ne, a riƙa fitowa da shi kwano-kwano, wanda ya yi awa ɗaya a kan tebur ba ya komawa kula. Randa tana sanyaya ruwan sha, amma sanyinta bai kai na ajiye kaza ba.

An yi kiran la'asar ko? To, mai wata tambaya ta same ni bayan salla.