Jitata ta yi faso a hunturun Kanada

Assalamu alaikum jama'a. Ina fatan kuna jin muryata, don hitar gidan nan yau ƙararta kamar injin markaɗe. Asabar ce, ba aiki, waje kuma ba ya fituwa. Bari in juya kyamara ku leƙa ta taga. Wancan farin tudun da kuke gani, motata ce a ƙarƙashinsa. Wayata ta ce sanyi ya kai digiri 24 ƙasa da sifili a nan Kalgari, shi ya sa na ce to yau ranar wankan amarya ce.

Ga amaryar nan kwance a kan tawul. Jita ce ta katako, irin wadda ba a jona mata wuta. Na saye ta hannu na biyu shekara huɗu da suka wuce. Ni ba mawaƙi ba ne, kada wani ya kira ni biki. Idan na dawo daga aiki, yara sun yi barci, sai in ɗan kaɗa ta a hankali na rabin awa, zuciya ta yi sanyi. Hajiyarmu a Zariya har yanzu ba ta yarda da wannan bayani ba. Duk ranar da ta hango ta a bayana muna waya sai ta ce, "Kai da ka tafi neman na kai, garaya ka koma?" Sai in ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ba roƙo nake da ita ba."

Kafin in taɓa komai, ku matso ku ga wani abu. Bari in karkata ta wajen haske. Kun ga wannan siririn layin da ya taso daga gindin jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa, ya gangara har ƙasa? Tabo ne. Tsagewa ta yi a nan, kuma ni na jawo.

Hunturuna na farko da ita, sai na buga ƙugiya a bango na rataye ta, don in baƙo ya shigo ya ga ado. Ban lura ba ashe daidai saman ramin da hita ke huro iska mai zafi na rataye ta. Wata biyu tana shan wannan iska dare da rana. Abin da na fara ji shi ne bakin ƙarafunan da ke jere a wuyanta sun fara karce min yatsa in na zame hannu. Na ce ƙila hannuna ne ya yi laushi. Daga nan tsirkiyoyi suka fara zuzu, kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Nan ma na share. Wani dare a watan Fabrairu muna kwance sai muka ji ƙas! daga falo. Maman yara ta ce tsirkiya ce ta tsinke. Da safe na duba, tsirkiyoyi shida cif suna nan lafiya, katakon ne ya buɗe baki.

Dattijon da na kai wa gyara bai ma tsaya kallon tsagar ba. Ya shafa gefen wuyan da babban yatsa, ya ɗago ya tambaye ni inda nake ajiye ta. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai kawai. Ya riƙe ta kusan mako biyu a ɗaki mai danshi har bakin tsagar ya haɗe da kansa, sannan ya zuba gam, ya liƙa wasu 'yan gutattsarin katako ta ciki suka riƙe wurin. Kuɗin da na biya ya kusa rabin abin da na saye ta.

Abin da ya ba ni haushi shi ne, ni fa ɗan hunturu ne. Na san yadda iskar Disamba ke fasa mana leɓe da diddige a gida, na san yadda ƙofar katako ke sakin jiki ta daina kama kuba, na ga makaɗa suna gasa fatar ganga a bakin wuta da damina don ta ɗame in laima ta sa ta saki. Duk na san wannan, amma ban kawo cewa jita ma tana yin faso ba. A zatona ƙasar da ƙanƙara ta rufe ko'ina ai ba za a rasa laima ba.

Ashe ba haka ba ne. Iska mai tsananin sanyi ba ta iya ɗaukar ruwa da yawa. Ku ƙaddara akwati mai mita 1 ta kowace fuska. Iskar da za ta cika shi, in tana digiri 20 ƙasa da sifili, ruwan da za ta iya riƙewa bai wuce giram 1 ba. In ta kai digiri 21, ɗumin falon nan ke nan, tana iya riƙe kusan giram 18. To hita tana jawo waccan busasshiyar ta dumama ta, sai ta koma mai ƙishirwa, ta bi gida tana zuƙe ruwa daga duk abin da ta samu: hancinka, fatarka, kujera, jita. Katakon fuskar jita kuwa kaurinsa wajen milimita 3 ne kacal, an manne gefensa duka da gam, ga wasu sanduna a liƙe ta ciki. In ya bushe yana son ya tsuke, ba inda zai tsuke, sai ya tsage. Ƙarafunan da suka karce min yatsa ma ba su ne suka ƙara tsawo ba, katakon wuyan ne ya motse ya bar su a waje. Kalgari kuma ta fi wasu garuruwan wannan matsala, don tana kan tudu, sama da mita 1,000, ga wata iska mai ɗumi da ake kira shinuk da ke gangarowa daga duwatsu, cikin 'yan awanni ta narkar da ƙanƙara ta juya yanayi gaba ɗaya.

Kamfanonin da ke ƙera jita irin su Martin da Taylor suna cewa a bar ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Ku duba wannan ɗan agogon da ke kan tebur, ma'aunin danshi ne. Me ya rubuta? 19. Yanzu ga ɗan'uwansa da ke kwana a cikin akwatin jita: 47. Shi ke nan duk sirrin. Ƙugiyar bango tana nan, amma yanzu hula nake ratayewa.

Abin da ke ba da 47 ɗin nan ba wani abin kuɗi ba ne. Robar sabulu ce mai murfi, na huda ta da ƙusa mai zafi wuri goma sha, na sa soso a ciki. Ina jiƙa soson in matse shi sosai, har ya daina ɗiga ko kaɗan, don ɗigon ruwa a kan katako wata sabuwar masifa ce. Ruwan famfo ba na sa shi, na garin nan yana da farar ƙasa, yana barin fari-fari a jikin buta ma. Tataccen ruwa nake saya a galan a kantin magani. Duk bayan kwana uku ko huɗu in taɓa soson, in ya yi ƙarau in ƙara. Akwai wasu fakiti na kamfanin Boveda da ke riƙe danshi a kashi 49 su da kansu, in ya yi yawa su sha, in ya yi kaɗan su sake. Suna da kyau, sai dai bayan 'yan watanni sukan bushe a sayi wasu, ni kuma Bazazzagi ne, soso ya ishe ni. Da bazara nake cire robar gaba ɗaya. Danshi in ya yi yawa shi ma fuskar takan kumbura, sauti ya dushe.

To, mu shiga wanka. Tsirkiyoyin nan watansu uku, sun yi baƙi, muryarsu ta mutu. Abu na farko, kada ka sa filaya ka datse su suna ɗaure. Wannan saitin da nake sawa, mai lambar kauri 12 zuwa 53, ƙarfin da shida ɗin ke ja da shi ya kai kilo 70. In ɗaya ta zabura ta same ka a ido, ba na ce ba. Sai ka murɗa kunnuwan ka sassauta su tukuna, har su yi laƙwas, sannan ka zare 'yan turakun da ke jikin jaki. Wannan na uku kullum gardama gare shi. Sai in zura hannu ta ramin ciki in turo shi daga ƙasa da kwabo. Yauwa, ya fito.

Yanzu ku ga abin kunya. Bari in kusanto da kyamara. Wannan baƙin abin da ya taru a gindin kowane ƙarfe, gumi ne da dattin yatsa, da ɗan abin da ya rage na ƙuli-ƙulin da aka aiko min. Tsohon katin banki nake sa wa, in bi gefen ƙarfen a hankali in kankare. Sai tsohon buroshin haƙori mai laushi. Kun ga abin da ya fito a kan tsumma? Allah ya sa Maman yara ba za ta kalli wannan bidiyon ba, don tawul ɗinta ne a ƙasa.

Katakon nan baƙi da nake gogewa eboni ne, kuma da na bincika asalinsa sai na yi dariya, ashe ɗan'uwan kanya ne, wadda muke jifa muna yara. Dangi ɗaya suke. Da yawa daga cikin wanda ake sa wa kayan kiɗa daga dazukan Kamaru yake fitowa, har kamfanin Taylor ya shiga haɗin gwiwa ya sayi wata masana'antar yanka shi a Yawunde a 2011. Wato ni da wuyan jitar nan maƙwabta ne, sanyin Kanada ya haɗa mu.

Ƙarafunan kuma soson ƙarfe nake sa musu, amma ba na wanke tukunya ba, don Allah. Akwai mai laushi ƙwarai, lambarsa 0000. Ina rufe ramin jitar da takarda da salatif mara ƙarfin danƙo, don garin ƙarfen kada ya zuba ciki. Mai jitar lantarki ya fi kowa bukatar wannan rufin, saboda akwai maganaɗisu a jikinta, zai janye garin ya manne, fitar da shi sai an sha wuya.

Sai mai. A nan ne mutanenmu ke ɓata kaya. Wani abokina ya taɓa kirana yana murna wai ya shafa wa tasa man kaɗanya tana ƙyalli. Na ce masa diddigenka za ka shafa wa. Man kaɗanya, man gyaɗa, man zaitun, duk wanda ake ci yana hamami in ya daɗe, ya yi danƙo ya riƙe ƙura. Akwai na musamman da ake sayarwa a 'yar kwalba, suna ce masa man lemo, amma yawancinsa man ma'adinai ne, ba na ci ba, aka ɗan sa wa ƙamshi. Ɗigo uku a tsumma ya isa wuyan duka. Ka shafa, ka jira minti biyu, ka goge tas. Sau ɗaya ko biyu a shekara, ba kullum ba. In kuma wuyan taka farin katako ne mai sheƙi, an riga an rufe shi da fenti, mai ba zai shiga ba, tsumma kawai yake so.

Jikinta ba na wahalar da kaina. Tsohuwar singileti mai laushi, in ɗan huro numfashi a wurin da hannu ya bar shaida, in goge. Abin feshin goge kujeru da na gilashin taga ba sa zuwa kusa da ita. Sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wadda ake juyawa da alanki, ita ma yau ba ruwana da ita. Wuyan a miƙe yake. In ta kama dole, rubu'in juyi ake yi a tsaya a duba, wanda bai gane ba ya kai wa masu gyara.

Ga fensirin 'yata na makaranta. Ina goga bakinsa a cikin 'yan tsagogin nan shida na sama inda tsirkiya ke wucewa, baƙin yana sa ta zame sumul, ba ta maƙalewa ta yi ƙis in kana saiti.

Sababbin ke nan, ku ji ƙamshin ƙarfe. Ina ɗan lanƙwasa gindin mai ƙwallo, in zura a rami, in bi shi da turke, tsagar turken tana kallon wuya. Sai in ja sama har in ji ƙwallon ya kama katako ta ciki. In bai kama ba, kana cikin ɗaurewa turken zai yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujera, na sha rarrafe a falon nan. A sama kuma ina barin rara kaɗan, yadda masu kauri za su zagaye sau biyu zuwa uku, sirara su ɗan fi haka, kowane zagaye yana sauka ƙasa da na gabansa.

Saura biyu. Na'am? Ina zuwa! Ana kirana wai abinci zai huce. Bari in ƙarasa.

Sabuwar tsirkiya ba ta zama wuri ɗaya, sai ka saita, ka ɗan ja ta sama da yatsa, ka sake saitawa, kamar sau uku. Ku saurara. Wannan ta sauka. Wannan ma. To, yanzu fa. Kun ji bambanci? Ɗazu kamar mai mura, yanzu har ƙarshen falo take kaiwa. Bari in ɗan kaɗa muku kaɗan, irin salon 'yan Agadas da nake ta koyo shekara biyu yatsuna sun ƙi ba ni haɗin kai.

Ya isa haka, kada in kore ku. Minti arba'in ke nan tana waje a cikin 19, ta sha iska ta ƙoshi. In goge tsirkiyoyin da tsumma, soso ya koma wurinsa, a rufe akwati. Gobe in Allah ya kai mu zan kai ta gidan wani ɗan Damagaram da muke haɗuwa, kuma in na shiga da ita daga wannan sanyin sai ta yi awa guda a rufe kafin in buɗe, don fentin kada ya tsattsage. Shayi za mu sha kafin nan.

Na'am, ga ni nan! Jama'a, sai mun sake haɗuwa, tuwo na jira.