A bar wa ruwa hanyarsa kafin a yanka fegi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu zan taɓo a kan lotisma, wato yadda ake yanka gonaki su zama unguwa, da yadda za a yi a bar wa jama'a fili.

Na farko, garin nan girma yake yi. A ƙidayar 2012, kananan hukumomi biyar na Damagaram sun haura mutum dubu 300, yau kuwa kowa ya ga inda gini ya kai a hanyar Tanut da ta Magarya. Yankan fegi dole ne, ba mai hana shi. Abin da nake ja a kai shi ne da me ake farawa. Yadda aka saba, mai awo zai zo ya ja layuka a takarda, fegi mai murabba'in mita 300, 400, 600, a dasa born, wato alamar iyakar fegi, abin da ya rage a gefe, rami ne ko dutse, a ce ga filin jama'a. Ni kuwa na ce a juya lissafin. A fara ware abin da ba za a taɓa ba, sannan wurin gidaje, sannan tituna, layin fegi ya zo a ƙarshe.

Kuma abin da ba za a taɓa ba, na farko a ciki ruwa ne. Jama'a, garin nan a kan dutse yake zaune. Kun ga duwatsun Birni, tsohuwar unguwarmu, haka ƙarƙashinmu yake. Shi ya sa muke wahalar ruwan sha har ake janyo mana shi daga Gogo da Arunguza, shi ya sa kuma in an yi ruwan sama ba ya nutsewa, gudu yake yi. Ina yake zuwa? Tabki. Tabkunan nan da kuke gani cikin gari, da yawansu kakanninmu ne suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, ruwa ya same su ya mai da su masauki. Da rani sai ka ga tabki ya bushe, ƙasa ta tsattsage, yara na buga ƙwallo, sai wani ya ce ai wannan fili ne. A zuba shara, a zuba ɓaraguzai, a cike, a sayar. Mai saye bai sani ba, a watan Maris ya zo dubawa. Watan Agusta na zuwa ruwa ya biyo tsohuwar hanyarsa, ya tarar da ɗaki. Za ka ga damshi ya hau bango kamu biyu, siminti na ɓarewa, uwargida na kwalfe ruwa da kwano cikin dare. Ina faɗa muku: ruwa ba ya karanta takardar fegi. A damina ta 2024 kun ga yadda tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ya faɗi. Ruwan yanzu ba na wasa ba ne. Don haka kada mai awo ya yi zane sai ya taka wurin da damina, ko ya zauna da tsofaffin da suka nome gonar. Su suka san inda ruwa ke kwana. Baba da ke gaba yana gyaɗa kai, ina jin ya fi mu sanin gonar da ake magana!

Af, da itatuwa. Ana ba da labarin sarakunan Damagaram sun hana saran gawo da hukunci mai tsanani, manomanmu na Matamai da Magarya kuma sun raya shi har duniya ta san da su. To don me za mu shigo gari mu tumɓuke? A zana titi ya kauce wa gawo, ba abin kunya ba ne.

Na nawa nake? To, mu ce na uku, kuɗi. Mai gona zai ce an rage masa. Ku yi lissafi da ni. Hekta goma, murabba'in mita dubu 100. A ce tituna sun ci dubu 30, saura dubu 70. Fegi mai 400 zai ba ka 175. Mai da shi 300, adadin na nan 175, amma ka tsira da 17,500, kusan hekta biyu: ga tabki, ga makaranta, ga filin idi. Doka ma tana gefenmu, dokar tsara birane ta 2017 tana nan, kuma ba a amincewa da lotisma sai an nuna filayen da aka ware wa jama'a.

Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

Ta ce a unguwarsu an ware filin, an rubuta a taswira, bayan 'yan shekaru suka wayi gari an yanka shi. Wallahi Hajiya kin taɓo inda ke ciwo, bari in bar na huɗun. Ko a Yamai, dajin da aka fara dasawa a 1965 ya kewaye gari, gine-gine sun cinye babban ɓangarensa. Filin da ba a amfani da shi, shi ake ci. Ku je ma'aikatar magajin gari ku nemi kofin taswirar unguwarku, mai unguwa ya ajiye ɗaya, limami ya ajiye ɗaya. Ku dasa bedi a kusurwa huɗu tun damanar farko, ku ba matasa su kafa ragar ƙwallo, mata su riƙa taro a wurin. Ranar da kuka ga an sauke bulo, kada ku jira a kai linta, ku tafi a ƙungiyance da taswirar a hannu. Hajiya, in an tashi ki tsaya, mu duba lambar filin naku tare.