Yadda ake sauke ƙaramin jirgin kamun kifi a ruwa da ɗora shi kan tirela mai rola

(Wannan lacca ce da wani ɗan uwa ya yi wa Hausawa mazauna Ingila a wani zama na ƙarshen mako, aka ɗauka a waya, na zauna na rubuta ta yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.)

Assalamu alaikum. Dattawa da malamai da ke wurin nan ina neman afuwa, ga ku zaune ga ni tsaye. Dalilin da yasa na nemi a bani wannan lokaci shine na ga ƙannenmu sun fara haɗa kuɗi suna sayen ƙananan jiragen ruwa na faiba, irin masu tsawon mita 4 zuwa 5 da inji a baya, lokacin zafi a tafi bakin teku a kamo taitus, wannan kifin dai da muke saya a ƙanƙare a kasuwannin gida, to a nan da ƙugiya ake ciro shi da ransa. Abin farin ciki ne wallahi. Amma duk wanda ya kira ni tambayarsa a kan inji take, doki nawa ne, mai nawa yake sha, har yau ba wanda ya tambaye ni tirela, alhali a kanta ake yawan yin asara tun jirgi bai taɓa ruwa ba.

In nace tirela ba babbar motar kaya nake nufi ba, ƴar ƙaramar nan da ake maƙala wa mota a baya. Iri biyu ce. Akwai mai katako biyu dogaye da aka lulluɓe da kafet, jirgi ya kwanta a kai ya kama, ita wannan sai ka nutsa ta sosai a ruwa jirgin ya taso da kansa. Akwai kuma mai rola, wato ƙananan tayoyin roba jere a ƙarƙashin jirgin, wasu a tsakiya inda ƙashin bayansa yake zama wasu a gefe da gefe. Ita ce aka fi gani a nan saboda ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a rana, wajen Bristol ma bambancin yakan haura mita 12, to ba kullum zaka samu zurfin da zaka nutsa tirela ba. Mai rola ko a ruwa kaɗan tura jirgin kawai zaka yi ya gangara.

To nan fa maganata take. Abin da yasa yake sauka da sauƙi a ruwa shine dai yake sa ya sauka da sauƙi a kan siminti. Jirgin da ke kan rola ba a zaune yake ba ƴan uwa, a kan tayoyi yake, abu biyu ne kawai suke riƙe da shi, bel ɗin winci, wato abin naɗin nan mai hannu da ke gaban tirela, da ke maƙale a hancinsa da kuma sarƙar da ke ƙasanta. Ka cire su a kan gangare, wato simintin nan da ake bi a gangara da tirela zuwa ruwa, ka gama.

Ni ya faru da ni, shekarata ta farko. Na ga wani mai tirelar katako ya kwance komai tun daga sama ya yi ribas lafiya lau, nima na kwance nawa har ƙugiyar hanci. Ina cikin gangarawa na ɗan taɓa birki, sai naji ƙara, na duba madubi naga hancin jirgi ya ɗaga sama. Ya zame gaba ɗaya ya faɗi da gindi a kan siminti, ƙafar inji ta tsage farfela ta lanƙwashe, kuɗin gyara ya kusa kuɗin da na sayi tirelar. Ba kuɗin ne yake dami na ba har yau. Minti ɗaya kafin nan ɗana yana tsaye daidai wurin da jirgin ya faɗo, na ce masa ya matsa gefe ne kawai don yana tare min madubi. Allah ne ya kiyaye. Shi yasa in naga mutum ya kai hannu kan ƙugiyar nan a saman gangare ko ban san shi ba sai na yi magana.

Bari mu bi abin daga farko. In ka iso kar ka wuce kai tsaye kan gangaren, tsaya a filin ajiye motoci ka yi duk shirinka a can, mutane na jira kuma ruwa baya jiran kowa. Ka cire allon fitilu da lamba ka zare wayarsa daga mota. Ka kwance bel-bel ɗin baya. Ka saka abin toshe ramin da ruwa ke fita a gindin jirgi, ka taɓa shi da hannunka, kar ka tambayi wani ko ya saka, mutane da yawa sun bar gaɓa sai suka ji ruwa a idon sawu. Ka ɗaga inji sama. Kaya duk a zuba yanzu, mai, anka, rigunan ruwa masu hana nutsewa, rediyon oba-oba na jirgi. Ka ɗaura doguwar igiya a hanci. Bel ɗin winci da sarƙa kuwa suna nan a maƙale, ba a taɓa su.

Wannan tsayuwar tana da wani amfani da ba kowa ya sani ba. Boris ɗin taya ya yi zafi a hanya, in ka tsoma shi a ruwan sanyi haka nan iskar ciki zata tsuke ta zuƙo ruwan gishiri ya gauraya da giris, bayan wata biyu kana kan babbar hanya taya ta kama ko ta fice. Minti 15 zuwa 20 ya isa ya huce.

Sai ka taka da ƙafa ka je ka ga gangaren. Ƙasa-ƙasa inda ruwa ke rufewa akwai gansakuka kore, santsinta ya fi na sabulu, mota mai jan gaba in tayoyinta suka hau kai da nauyi a baya sai dai su yi ta juyawa a banza. Ka duba kuma inda simintin ya ƙare, wasu wuraren akwai gaɓa a ƙarshe, in tayar tirela ta faɗa sai an nemo mai ja. Kuma ka san jadawalin ruwa na ranar tun daga gida, don zaka iya sauka lafiya da safe ka dawo da la'asar ka tarar da laka zalla tsakaninka da gangare.

Ribas da tirela, wanda bai iya ba ya je filin da ba kowa ranar Lahadi ya koya, ba a kan gangare ake koyo ba. Dabarar ita ce ka riƙe sitiyari daga ƙasa, inda ka kai hannunka nan gindin tirela zai nufa, kaɗan-kaɗan. Gilashi a sauke, bel ɗin kujera a kwance, yara duk a waje can gefe inda kake ganinsu.

Ka gangara har rolar ƙarshe ta taɓa ruwa, gindin jirgi yana saman ruwan da zai ɗauke shi. Mai rola bata buƙatar ka nutsa ta, in da hali ma kar ruwa ya kai tsakiyar taya. Ja hambirki, kashe mota ka barta a giya, sa weji a taya. Yanzu ne, sai yanzu, zaka cire sarƙa. Ka ba abokinka igiyar hanci ya naɗa ta sau ɗaya a jikin ƙarfen winci don ya riƙa saki a hankali. Hannun winci kuma ka riƙe shi gam kafin ka ɗaga ɗan harshen ƙarfen da ke kulle shi, domin in nauyin jirgi ya fizge shi juyawa yake kamar farfela, yana karya tsintsiyar hannu yana zubar da haƙora. In ya kuɓuce maka ja da baya ka ƙyale shi, kar ka ce zaka cafke.

Jirgi ya hau ruwa, a ja shi gefe a ɗaure, kai kuma ka fitar da mota nan take. Sannan Bismillahi majreha wa mursaha. Rigar ruwa a jiki take ba a ƙarƙashin kujera ba, ruwan ƙasar nan yawanci wajen digiri 12 yake, ko gwanin iyo ne ya faɗa numfashinsa sarƙewa yake a mintin farko. Mu da muka ji hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warrah ta jihar Kebbi a 2021 da na Bagwai a Kano a ƙarshen shekarar, bai kamata a roƙe mu saka riga ba. Wayar kashe inji, wato ƴar igiyar da ke kashe shi in ka faɗa ruwa, a ɗaure a cinya. In matsala ta taso 999 ka ce a baka masu gadin teku, ko tasha ta 16 a rediyo.

Ɗorawa ta fi sauka wuya, don lokacin kun gaji, iska ta taso, ga layi a bayanku. Kuskuren da kowa ke yi shine ya nutsa tirela da yawa yana ganin zai fi sauƙi, sai jirgi ya yi ta yawo a samanta, ka fito ka ga ya zauna a karkace rola ɗaya tana cin gefensa. Yadda ka ajiye ta wajen sauka haka zaka ajiye ta, rolar ƙarshe a bakin ruwa. Ka kashe inji ka ɗaga shi, ka jawo jirgin da igiya har ƙashin hancinsa ya hau tsakiyar rolar nan, ka maƙala ƙugiya, ka tabbata harshen winci ya faɗa kana jin ƙas ƙas ƙas, sai ka fara naɗi. Rolar ce zata miƙar da shi da kanta. In iska na bugowa daga gefe mutum ɗaya ya riƙe igiyar gindi ta ɓangaren da iskar ke fitowa. Kar kowa ya tsaya a bayan jirgi, kai mai naɗi kuma kar ka sa fuskarka saitin bel ɗin, in ya tsinke bulala ce. Da hanci ya daki robar gaba sai sarƙa, kafin mota ta motsa ko taku ɗaya. Na sha ganin wanda ya naɗe tsaf ya manta sarƙa, yana hawa gangare bel ya saki.

Can sama sai a cire abin toshe ruwa ya tsiyaye, a ɗaure baya, a mayar da fitilu a gwada sigina. In daga tafki kuka fito a wanke jirgi da tirela a bar su su bushe kafin a kai su wani ruwan, hukuma na matsawa a kan haka saboda ƙananan halittun da ke maƙalewa su yaɗu. In teku ce a wanke da ruwan famfo ranar, musamman birki da rola, gishiri baya kwana.

Wani Alhaji a nan yana tambaya kan dokar jan tirela a hanya. Tirelar da ba birki iyakarta kilo 750 har da jirgi da inji da mai, in ta haura dole mai birki. Tun Disamba 2021 lasin mota na yau da kullum ya isa ka ja har kilo 3,500 in motarka zata iya, sai ka duba takardarta. Gudu mil 60 a babbar hanya, mil 50 a wadda ba tagwaye ba, kuma ba a shiga layin dama na ƙarshe in hanyar mai layi uku ce. Na zo da tawa tirelar tana waje da jirgin a kai, in an yi sallah duk mai so ya fito ya kama hannun wincin nan ya ji nauyinsa da kansa.