Sabar da Babu Komai a Cikinta: Wa Take Tambaya Kafin Ta Tashi?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. 'Yan uwa, barkanmu da warhaka. Na baya ku ɗan matso, domin akwai abin da zan nuna a jikin wannan sabar da muka ɗora a kan tebur, kuma ina so kowa ya gani da idonsa.

Ku ɗauka an kawo muku sabar, wato manyan kwamfutocin da suke yi wa sauran hidima, guda ashirin sababbi fil a kwali. Babu Linux a ciki, babu Windows, faifan ajiyarsu wayam. Kuna iya ɗaukar filash ku bi su ɗaya bayan ɗaya, kuna tsaye cikin sanyin ɗakin sabar har la'asar ta wuce ku. Kuna kuma iya barin kowacce ta miƙa hannu ta cikin wayar sadarwa ta ɗauko abin da za ta tashi da shi. Wannan hanya ta biyu ita ce zancenmu na yau, kuma makullinta yana wurin da yawancinmu ba mu son shiga, wato saitin manhajar da aka dasa a jikin babban allon na'ura, wadda take farkawa kafin komai. Da can sunanta BIOS, yanzu UEFI ce ta gaje ta. A sabar Dell da F2 ake shiga, a ta HPE da F9.

Tsarin da ake amfani da shi sunansa PXE. Kamfanin Intel ne ya fitar da shi, kuma sigarsa ta 2.1 ta fito tun 1999, ga shi har yau da ita ake aiki. Abin da yake faruwa shi ne: katin sadarwa yana ɗauke da 'yar ƙaramar manhaja tasa. Idan aka ba shi dama, sai ya yi shela a cikin layin gaba ɗaya, yana cewa ga ni, ba ni da adireshi, wa zai ba ni? Sabar DHCP ta amsa, ta ba shi adireshin IP, ta kuma faɗa masa abu biyu: sunan sabar da zai je wurinta, da sunan fayil ɗin da zai karɓo. A saitin DHCP ana saka su a zaɓi na 66 da na 67. Sai ya je ya jawo fayil ɗin ta TFTP, wata sassauƙar hanyar tura fayil, a kafar sadarwa mai lamba 69, ya zuba a ƙwaƙwalwa, ya miƙa masa ragamar na'urar baki ɗaya.

Ku riƙe wannan jimla ta ƙarshe, don zan dawo kanta. Ya miƙa masa ragamar na'urar baki ɗaya.

To, bari mu duba allon nan. Kuskuren farko da nake yawan gani wurin sababbin ma'aikata shi ne gyara a wurin da ba shi ne ba. A wannan sabar ta Dell, saitin yana wuri biyu daban. Idan tana tashi a tsarin UEFI, cikin System BIOS za ka shiga, ka nemi Network Settings, a nan za ka ga jerin PXE Device guda huɗu. Ka kunna na farko, sannan ka zaɓa masa kafar da zai bi, da IPv4 ko IPv6. Idan kuwa tana kan tsohon tsarin BIOS ne, wancan shafin ba ruwansa da kai. Device Settings za ka shiga, ka buɗe katin kansa, ka sauya Legacy Boot Protocol zuwa PXE. Na sha ganin mutum ya kwashe awa biyu yana kunnawa yana kashewa a shafin kati, alhali sabar tana kan UEFI, ba ta ma kallon abin da yake yi. Don haka tambayar farko kullum ita ce, a wane tsari na'urar nan take tashi?

Na biyu, wace kafa? Ku leƙo bayanta. Kun ga huɗu a jere a nan, ga wasu biyu a katin da aka ƙara, ga kuma wannan guda a gefe ita kaɗai. Wannan ta gefe ta iDRAC ce, ta kula da sabar daga nesa, a HPE ana ce mata iLO. Ba ta nan babbar manhaja take shigowa ba. Sauran shidan kowacce da adireshin MAC nata, wato lambar shaidar da ta zo da ita daga kamfani. Kada ka dogara da cewa ta hagu ita ce ta ɗaya. Ka rubuta adireshin MAC da saitin ya nuna maka a takarda, ka je wurin suwic, wato akwatin da wayoyin sadarwa suke haɗuwa a cikinsa, ka tabbatar shi ne yake gani a kafar da ka soka wayar. Aikin minti biyar ne, amma yana ceton yini guda.

Akwai kuma batun fayil. Tsohon BIOS da UEFI ba sa cin abinci ɗaya. Fayil irin pxelinux.0 na BIOS ne, idan ka miƙa wa UEFI ba za ta iya tashi da shi ba, ita tana son wanda ya ƙare da .efi, kamar grubx64.efi ko ipxe.efi. Sa'ar da aka yi, na'urar tana faɗin ko ita wace ce tun a shelarta, cikin zaɓi na 93. Idan ta turo 0, tsohon BIOS ce. Idan ta turo 7 ko 9, UEFI ce mai bit 64. Sai ka saita DHCP ya ba kowa nasa. Duk da haka, shawarata ita ce sabuwar sabar a bar ta kan UEFI. Intel ta sanar tun tuni cewa zuwa 2020 za ta daina goyon bayan tsohon tsarin, kuma a sababbin na'urori da dama ma babu shi.

Wani lokaci saitinka daidai yake, matsalar tana can wurin suwic. Suwic mai tsohon tsarin Spanning Tree, wanda yake hana saƙo yin ta zagaye a layi, ba ya barin saƙo ya wuce da zarar an soka waya. Yana yin daƙiƙa 15 yana sauraro, ya ƙara 15 yana koyon adiresoshi. Cikin waɗannan daƙiƙu 30 katin yana ta shela babu mai ji, wani lokaci har ya gaji ya haƙura. A suwic na Cisco maganinsa PortFast a kafar da sabar take. Haka idan DHCP yana wani VLAN daban, wato wani yanki na layin da aka keɓe, shela ba ta tsallaka katanga, sai an saka mata mai isar da saƙo, wato ip helper-address. Kuma tsohon tsarin BIOS yana faɗa maka inda ciwon yake idan ka tsaya ka karanta. PXE-E61 yana nufin bai ga waya ba. PXE-E51 yana nufin ya yi shela ba a amsa ba. PXE-E53 yana nufin an amsa, amma ba a ba shi sunan fayil ba. Rubutun yana wucewa da sauri, don haka ku riƙa ɗaukar allon bidiyo da wayarku, ku tsayar ku karanta a tsanake.

Yanzu na zo inda ya fi damuna, wato jerin tashi, jerin da ke cikin saiti wanda yake faɗa wa na'ura inda za ta fara neman abin da za ta tashi da shi.

A wani wuri da na yi aiki, mun girka sabar da dama ta wannan hanya, komai ya tafi lafiya lau. Don aiki ya yi sauri, mun ɗora katin sadarwa a saman jerin, faifan ajiya a ƙasa, muka kuma saita sabar girki, wato wadda take zuba musu manhaja, ta fara aiki da kanta idan an yi 'yan daƙiƙu babu wanda ya taɓa komai. Da muka gama, ba a mayar da jerin yadda ya kamata ba. Watanni suka shuɗe babu abin da ya faru, domin ba a kashe su. Rannan cikin dare aka ɗauke wuta, janareta bai tashi da wuri ba, batiran UPS suka ƙare. Da wuta ta dawo, ɗaya daga cikinsu ta farka ta yi shelarta, sabar girki ta amsa mata, ta goge faifanta tas, ta zuba sabuwar manhaja. Da safe na tarar da ita fitilunta kore, fanka na juyawa lafiya ƙalau, allon yana jiran a shiga kamar ranar da aka kawo ta. Bayanan ma'aikata duka babu. Allah Ya taimake mu akwai kwafin daren da ya gabata, amma aikin yini guda na mutane ya salwanta, kuma ni ne na tsaya gabansu na faɗa musu. Har yau ina tuna fuskar wata baiwar Allah da ta wuni tana shigar da lissafi.

Na'urar ba ta yi laifi ba, abin da muka ce ta yi shi ta yi. Kuma a ƙasar nan da wuta take zuwa tana tafiya, sabar tana sake tashi ba da saninka ba fiye da yadda kake zato. Saboda haka faifan ajiya ya zauna a sama. Ranar da kake son girki, ka umarce ta ta tashi ta waya sau ɗaya tak. Idan kana gabanta, F12 ne, a Dell da HPE duka. Idan kana nesa, ta iDRAC ko iLO, ko ka rubuta ipmitool chassis bootdev pxe, ka ƙara masa options=efiboot idan UEFI ce. Ta tashi sau ɗaya, ta koma jerinta na asali.

Na ga hannu a can. Bismillah, ɗan uwa.

Ya ce: Malam, to idan wani ya shigo da tasa kwamfutar ya soka a layin, ya riga sabarmu amsawa fa?

Madalla da wannan tambaya, ita ce dalilin da na ce ku riƙe jimlar ɗazu. Amsar ita ce zai iya. DHCP ba ya tambayar mai amsawa shaidar ko shi wane ne, TFTP ma ba shi da kalmar sirri, ba ya ɓoye abin da yake ɗaukowa. Wanda ya amsa, shi ake bi. Kariyar tana hawa-hawa. A ware wa girki VLAN nasa shi kaɗai. A kunna DHCP snooping a suwic, domin amsa ta fito daga kafar da aka amince da ita kawai. A kunna Secure Boot, wanda yake hana na'ura tashi da fayil ɗin da ba shi da sa hannun da ta sani, shi ya sa a Linux za ku ga ana fara miƙa shimx64.efi kafin GRUB, manhajar da take tayar da Linux ɗin. Sannan duk kafar da ba ka girki da ita, kashe mata PXE, har da na IPv6 idan ba ka amfani da shi. A watan Janairun 2024 masu bincike na kamfanin Quarkslab da ke Faransa sun bayyana ramuka tara a ɓangaren sadarwa na EDK II, wanda kamfanoni da yawa suke gina UEFI ɗinsu a kansa, suka sa musu suna PixieFail. Tun kafin a kai ga jawo fayil ake iya cutar da na'ura ta nan. Don haka sabunta wannan manhaja ta cikin allo yana cikin aikinku, kamar yadda kuke sabunta Linux.

Malama, ke ma da tambaya? Kan jinkirin TFTP? Gaskiyarki. A asalinsa yana turo bayit 512 ne, ya tsaya sai an ce masa an karɓa, sannan ya turo na gaba. Don haka ake barin sa ya kawo ƙaramin fayil na farko kawai, sauran a jawo ta HTTP. Kuma tun sigar UEFI ta 2.5 a 2015 akwai HTTP Boot, inda DHCP yake ba da cikakken adireshin fayil, babu TFTP sam. A wannan sabar yana shafin Network Settings ɗin nan, ƙasa da na PXE.

To, mu rabu gida huɗu. Kowane rukuni ya ɗauki sabar guda, ku fara da rubuta tsarin da take tashi a kai da adireshin MAC na kowace kafa. Kada kowa ya taɓa jerin tashi sai na zo na gani.