Mashigin Menai: inda jirgi ke jiran izinin ruwa

Ku dubi wannan jirgin. Filafilansa a naɗe, an ɗaure shi, masu shi suna zaune suna shan shayi. Iska tana kaɗawa daidai, rana ta fito, amma ba su da niyyar motsawa. Ruwa suke jira.

Nan mashigin Menai ne a yankin Wels na Birtaniya, siririn teku mai tsawon kusan kilomita 25 da ya raba tsibirin Angilsi da babban tudu. Wata ne ke jan ruwan teku, ya cika ya janye sau biyu a yini, kusan kowace awa 12 da minti 25. Idan wata ya tsaya, ko ya kai daren sha huɗu, cikar takan fi ƙarfi. To a Menai abin ya zo da ƙari, domin baki biyu ne da shi. Ruwa yakan fara shigowa ta kudu maso yamma, wajen garin Kanarfon. Kafin ya gama, wani ya zagayo bayan tsibirin ya shigo ta ɗaya bakin. Ka ga ke nan cikar ruwa daban, tsayawar gudunsa daban, kuma a nan baƙo ke ruɗewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin gadoji biyun nan: ta Thomas Telford da aka buɗe a 1826, da Britannia ta Robert Stephenson, ta 1850. Suwelis ake kiran wurin. Bai kai kilomita biyu ba, amma duwatsu ne a kwance ƙarƙashin ruwa, kuma a ranakun babbar cika gudun ruwan kan kamo na ƙaramin jirgi. Ka shiga a kan kuskure, inji na kuka, filafilai sun cika, kai kuma kana kallon bishiya ɗaya a gaɓa ba ta wucewa.

Shi ya sa matuƙi ke buɗe jadawalin cikar teku na Libaful. Ya nemo lokacin cikar, ya cire kusan awa biyu. Lokacin nan ne ruwan Suwelis ke lafawa, na ɗan taƙi kawai, sannan ya juya ya nufi Kanarfon. Mai zuwa can, ruwan zai tura shi. Mai tahowa daga can kuwa gara ya yi sammako.

Ga su sun kwance. Galibi da inji ake ratsawa, don iska tsakanin bishiyoyin gaɓar nan ba ta da alƙawari. Sun bi ƙarƙashin tsakiyar gadar Telford. Matuƙin bai kallon ruwa, alamomin tudu yake bi da ido. Ga dutsen Suweli da sandar alamarsa, sun bar shi a dama. Ga ɗan tsibirin Gored Goch da farin gidansa. Minti kaɗan, sun fita. Wanda bai sani ba sai ya ce ai ba komai.

A watan Afrilun 1953 an jawo Conway, tsohon jirgin katako na horar da matasan matuƙa, za a ratsa da shi ta Suwelis a kai shi gyara. Jiragen ja biyu ne ke riƙe da shi. Ruwa ya juya musu kafin su fita, ya kwashe shi ya ɗora kan duwatsu kusa da gadar Telford. Da ruwa ya janye, gadon bayansa ya karye. Nan ya zauna har wuta ta cinye shi a 1956.

Saura bakin Kanarfon. Can yashi ne, kuma yashin tafiya yake yi, har sai an riƙa matsar da alamomin da ke yawo a kan ruwa. Taswirar bara ba lalle ta yi maka aiki bana ba. Idan iskar kudu maso yamma ta yi karo da ruwa mai fita, igiyoyi kan miƙe tsaye a kan yashin. Ranar irin wannan, jirgin namu a tashar Kanarfon zai kwana, gindin ganuwar tsohon gidan sarautar garin.