Damina Ba Ta Wanke Dalma Daga Gona

Duk sanda aka ta da maganar zuba taɓon masai a gona, sai ka ji wani ya ce, "Haba, ai damina ɗaya za ta wanke komai." To jama'a, a nan ake yin kuskuren.

Wannan baƙin taɓon shi ne ke kwantawa a ƙasan tanki bayan an tace ruwan masai da na kwata. Taki ne mai kyau, babu musu. Sai dai yana zuwa da 'yan rakiya: dalma, tutiya, jan ƙarfe, kadmiyam da kiromiyam, musamman in ruwan masana'antu ya gauraya da na gidaje. Wari zai tafi, ƙwayoyin cuta za su ragu, amma ƙarfe ba ya ruɓewa.

Ku ɗauki misalin wani fili. A Woburn yake, a Ingila. An zuba masa irin wannan taɓo daga 1942 zuwa 1961, aka daina. Fiye da shekara 20 bayan nan masana suka auna, sai ga mafi yawan ƙarafan suna nan a saman ƙasa, iya inda garma ke kaiwa. A ƙasar da ruwan sama ba ya yi mata wuya fa!

Me ya riƙe su? Laka, da ruɓaɓɓen taki, da tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙasa. Ƙarafan suna manne musu kamar ƙarangiya a zane.

Yanzu ku natsu, nan ne wurin. Wannan riƙon ba na har abada ba ne, ya dogara da tsamin ƙasa. Ma'aunin tsamin nan shi ake kira pH. In yana wajen 7, riƙon da ƙarfi. Da zarar ya sauko ƙasa da 6, ƙasa ta fara tsami, sai ta soma sakin abin da ta riƙe. Kuma ba tare suke fita ba. Kadmiyam da tutiya su ne masu saurin ƙafa, nan da nan sun narke sun bi jijiyar shuka. Dalma da jan ƙarfe kuwa sai a hankali. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 1986 ta sa iyakar kadmiyam daga miligiram 1 zuwa 3 a kilo ɗaya na ƙasa, ta kuma ɗaura hakan a kan pH 6 zuwa 7.

Me ke kawo tsamin? Abin dariya, sau da yawa mu ne: yawan zuba yuriya shekara da shekaru. Gonar da jiya lafiya lau take, yau latas da alayyahunta na shan kadmiyam, ganye kuwa kore shar. Shi kuma kadmiyam in ya shiga jiki ƙoda yake nufa, ya yi shekaru a can. Wanke ganye ba ya fitar da abin da ya riga ya shige ciki.

Ni a ganina masu lambu a bakin Jakara da Challawa a Kano, inda ruwan masana'antu da na majema ke bi, su ya kamata su fi kowa sauraro. Ƙasa mai yashi ma riƙonta kaɗan ne. Farar ƙasa tana rage tsami, amma ɗaure ƙarfen take yi, ba ta cire shi. A kai ƙasar awo kafin a shuka ganye.