Maganin da ke ja wa zuciya linzami: abin da masu shan sa ke ji a jiki

Jama'a, ku ɗauko kwalin maganin tansiyon ɗinku, wato hawan jini, ku duba sunan. In ya ƙare da "lol", irin su atenolol, bisoprolol, propranolol ko carvedilol, to bayanin nan naku ne. Likitoci na kiran danginsu beta-bloka.

Idan mutum ya tsorata ko ya yi gudu, jiki na sakin sinadarin adrenalin, zuciya ta hau bugawa da sauri da ƙarfi. Wannan magani shi ke ja mata linzami. James Black, ɗan ƙasar Sikotilan, ne ya ƙirƙiro propranolol a shekarun 1960, har ya samu kyautar Nobel a 1988.

To me masu sha ke ji? Kukan da aka fi yi shi ne kasala, musamman makonnin farko. Mai dako a babbar kasuwar Maraɗi ya ɗaga buhun gero, sai ya ji ƙafafu sun yi nauyi, don zuciyar ba ta zabura kamar da. Yawanci jiki kan saba. Wasu kuma tafin hannu da ƙafa ke yi musu sanyi ƙalau, abin ya fi ciwo a alwalar asuba lokacin hunturu. Akwai jiri in an miƙe zumbur daga tabarma, akwai mafarkai barkatai, waɗanda aka fi gani da propranolol.

Sai wanda maza ba su son faɗa: rauni wajen iyali. Kunya ta hana magidanci gaya wa likita, sai ya ajiye maganin shiru. Nan fa haɗarin yake. Zuciyar da ta saba da maganin, in aka yanke mata shi dare ɗaya, sai bugun ya dawo fiye da na da, tansiyon ya hau, mai ciwon jijiyoyin zuciya kuma yana iya samun ciwon ƙirji mai tsanani, har ta kai ga rasa rai. Ko dainawar za a yi, a hankali ake ragewa, likita na lura. Ku faɗi damuwarku, ana iya canza muku wani.

Ku koyi auna bugun da kanku. Yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ku ƙirga minti ɗaya cur. Na mai lafiya 60 zuwa 100 ne. Mai shan maganin nan ya samu 55 kuma yana jin garau, ba komai. Amma ƙasa da 50 ga jiri ko suma, a nufi asibiti.

Mai asma ya faɗa tun kafin a rubuta masa, don maganin na iya toshe numfashi. Mai ciwon sukari kuwa, maganin na ɓoye faɗuwar gaban da ke sanar da shi sukari ya sauka, sai dai gumi ya zama masa alama.

Gaskiya, in hawan jini ne kaɗai, mu baƙar fata irin su amlodipine sun fi yi mana aiki. Inda beta-bloka ya yi fice shi ne raunin zuciya, bugu marar tsari, da bayan toshewar jijiyar zuciya. Har da raunin zuciyar masu jego, wanda ya yawaita a ƙasar Hausa: ƙafa ta kumbura, numfashi ya gagara in an kwanta. A nan da ɗan kaɗan ake farawa, ana ƙarawa mako-mako ko fiye, saboda haka kada uwa ta ce ƙwayar ta yi ƙanƙanta ta haɗa biyu. Kunun kanwa kuma a sassauta, gishiri ne.

Kada a sayi maganin a tiren masu talla da ya wuni cikin ranar Afirilu, a je farmasi da takardar likita. Kafin azumi ya kama, a tambaya ko da sahur za a riƙa sha ko da buɗa-baki, tunda irin su bisoprolol sau ɗaya ne a rana.